Hotunan Baba Sun Yi Fari

Da hantsi ta shigo shagon, rungume da kyamara a cikin mayafinta kamar mai ɗauke da jariri marar lafiya. Mai gyara yana sunkuye a kan teburinsa, gilashin ƙara girma a ido ɗaya, yana fama da wani ɗan sukuru da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai da ta yi sallama sau biyu kafin ya ɗago.

Da ya ɗago kuwa, sukurun ya suɓuce masa ya faɗa ƙarƙashin tebur, bai ma bi ta kansa ba.

"Malam, kyamarar babana ce ta lalace," ta ce. "Duba abin da take mana."

Ta zube hotuna huɗu a gabansa. Duk fuskokin sun yi fari fat kamar an watsa musu gari. Wata mata ma hancinta ya ɓace, sai idanu biyu da jan baki.

Ya san shagon babanta. Duk layin nan babu wanda bai san Baba Mai Hoto ba, tsohon da ya shekara talatin da wani abu yana ɗaukar mutanen unguwa, tun daga hoton fasfo har na iyali. Ita ce autarsa, ita take taya shi wanke hotuna a kwamfuta tun da ta gama makaranta. Auta kowa yake ce mata.

Ya kunna kyamarar, ya latsa nan ya murza can, sai ya yi murmushi.

"Lafiyarta ƙalau, Malama. Kin ga wannan ma'aunin? A sifili ya kamata allurar ta tsaya, amma an kai ta ƙari biyu. ISO kuma, wato ƙarfin jan haskenta, an ɗaga shi sama kamar za a yi hoto a cikin rijiya. Haske ne ya yi mata yawa."

Ya mayar da komai daidai, ya ce ta ajiye hannunta a kan tebur, ya ɗauka. Hoton ya fito tas, har zanen tafin hannunta ana gani.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan. Ba gyara na yi ba, lallashinta na yi."

Ta ƙunshe dariyarta a mayafi ta fita. Ya daɗe yana kallon ƙofa kafin ya durƙusa neman sukurunsa.

Bayan kwana huɗu ta dawo, fuska a ɗaure.

"Lallashin naka bai yi aiki ba."

Ya duba. Allura ta koma ƙari biyu, ISO ya sake hawa. Ya gyara, ta tafi. Ranar da ta zo karo na uku sai ya ƙi taɓa komai. Ya kai kyamarar idonsa ya leƙa ta 'yar tagar da ake leƙawa, ya ga komai dishi-dishi. Ya shafa ɗan abin murzawa da yake gefen tagar, wanda ake daidaita ta da ƙarfin idon mai hoto, ya ji an murza shi har ya ƙure. Hasken allon baya ma an kai shi maƙura.

Ya ajiye kyamarar a hankali, ya jawo mata kujera.

"Zauna, Auta. Wa yake ɗaukar hoto da ita bayan Baba?"

"Babu. Ba ya bari kowa ya taɓa."

"Kwanan nan yana cewa fitilu sun rage haske?"

Ta dube shi da mamaki. "Sau biyu yana canza ƙwayayen fitilar shago a watan nan. A gida ma kullum faɗa yake da Umma, wai ta cika ɗaki da labule mai duhu. Ya aka yi ka sani?"

"Ni ba likita ba ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Amma kyamarar nan ba ita take ƙara wa kanta haske ba. Baba ne yake ganin duhu, sai ya ƙara har ya ga ya yi masa daidai. Ina jin idonsa ne yake son a duba. Kakata ta yi irin haka, yanar ido ce ta rufe mata gani, aka yi mata aiki ta warke."

Auta ta tuna yadda Baba ya daina karanta jarida, ya ce ƙarya ta yi yawa a cikinta. Ta tuna ranar da ya gaishe da yayarta da sunan maƙwabciya, kowa ya yi dariya. Hawaye ya gangaro mata.

"Baba zai gwammace a ce masa komai da a ce ba ya gani," ta ce. "Idon nan shi ne sana'arsa."

"To kada a ce masa yanzu. Kafin a samu hanyar, ke ki zama idonsa."

Daga ranar, kullum da la'asar idan Baba ya tafi gida hutawa, sai ta ɗauko kyamarar ta tsallako titi. Mai gyara ya koya mata yadda ake buɗe idon lens, wato gilashin gaban kyamara, ko a tsuke shi, da yadda saurin shota, wato ƙiftawar kyamara, yake tsayar da mai motsi cak, da dalilin da ya sa ISO mai yawa yake zuba wa hoto tsaki-tsaki kamar yashi. Ya nuna mata wani ɗan zane mai kama da tudu da kyamarar take fitarwa.

"Kada ki yarda da allo, yana yaudara. Wannan tudun za ki duba. Idan ya jingina da bangon dama, haske ya ƙone hoton. Idan ya maƙale a hagu, duhu ya cinye shi."

"Idan kuma ya zauna a tsakiya?"

"To ya samu tarbiyya."

Ta iya da sauri har ya fara jin tsoron kada darasi ya ƙare. A shago kuma ta samu dabara. Duk lokacin da Baba ya gama tsara mutane, sai ta ce, "Baba, kawo in goge maka lens," ta mayar da allura sifili ta miƙa masa. Hotuna suka dawo da kyansu.

Wata ranar Asabar saƙonta ya shigo wayarsa.

"Likitan kyamara, yau iyali guda na ɗauka ni kaɗai. Tudu ya zauna a tsakiya. Na gode, Allah ya biya ka."

Ya amsa: "Amin, Autar Baba. Amma akwai matsala. Gobe babu darasi, ni kuma ban san me zan yi da la'asar ɗina ba."

"Ka gyara kyamarorin mutane mana."

"Tun da kika fara zuwa, sukuru bakwai na ɓatar. Ki tausaya wa masu kaya, ki ba ni izini in zo in gaida Baba."

Ta karanta sau uku, ta kifa wayar a kan cinya, ta sake ɗagowa.

"Sai ka sa riga mai guga. Ba ya son mutum a yamutse."

Umma ta riga ta san komai. Ranar da Auta ta gaya mata zancen idon, sai ta ce, "Ni da nake zuba masa shayi yana laluben kofi, ke za ki gaya wa? Bakina ne ya yi nauyi." Da ta ji zancen mai gyara kuwa, dariya ta yi. "Dama na ce wannan kyamara ta cika ciwon la'asar."

Sai dai akwai wani a gefe. Ɗan Gayu, mai sabon situdiyo mai ƙofar gilashi a bakin babban titi, a hannun Baba ya koyi aiki shekarun baya. Ya daɗe yana zuwa gaisuwa da turarensa mai hawa kai, Baba kuma yana ganin idan Auta ta aure shi, sana'a ta zauna a gida. Ita dai ba ta taɓa ba shi fuska ba. Da ya lura inda take zuwa da la'asar, sai gaisuwarsa ta ƙaru.

Kafin mai gyara ya kai ga goge rigarsa, magana ta bazu a layi cewa tsoho ya makance, 'yarsa ce take rufa masa asiri. Ɗan Gayu da kansa ya kawo wa Baba labarin, yana girgiza kai.

"Baba, raina ne ya ɓaci. Wannan mai gyaran ne yake yaɗawa. Wai a jikin kyamararka ya gani."

Baba ya dawo gida ko takalmi bai cire ba.

"Auta! Ashe kayana kike ɗauka kina kai wa wani yana auna min ido? Ni zai kira makaho? Tun ba a haife shi ba nake riƙe da kyamara. Kada in sake jin kin taka shagonsa, kada kuma ya tako min gida. Kyamarata kuma daga yau ko goge ta kada ki sake yi."

Ta shige ɗaki tana kuka. Mutum uku ne suka san zancen nan: ita, da Umma, da mai gyara. Ta ɗauki waya ta rubuta masa saƙo.

"Na ba ka amanar mahaifina ka kai ta titi. Me muka yi maka?"

"Wallahi ban gaya wa kowa ba, Auta. Ko mahaifiyata ba ta ji daga bakina ba."

"To iska ce ta faɗa?"

"Ban sani ba. Ba zan matsa miki ki yarda ba. Abu ɗaya nake roƙo, ko ba za ki sake kula ni ba, a kai Baba a duba idonsa."

Mako biyu suka wuce, tana bi ta bayan layi don kada ta wuce ta gaban shagonsa. Shi kuwa ya rame har masu kawo gyara suna tambayarsa ko zazzaɓi yake.

A cikin makon na biyu ne wata malamar makaranta, wadda mijinta ya rasu shekaru da yawa, ta zo da 'ya'yanta uku da tsohuwar mahaifiyarta. Babban ɗanta zai tafi karatu ƙasar waje washegari, shekara biyar, ga tsohuwa jiki ya yi rauni. Hoto ɗaya take so da kowa a ciki. Baba ya tsara su da kyau irin nasa, ya sa tsohuwar dariya, ya ɗauka da kansa. Auta tana tsaye a gefe, tana ganin yatsansa yana murza haske sama, ba ta da bakin magana.

Sai bayan kwana biyu, da yaron ya riga ya tashi, malamar ta zo karɓa. Auta ta buɗe hoton a kwamfuta. Farin mayafin tsohuwar da fuskarta da bango duk sun haɗe sun zama abu ɗaya.

Malamar ta dafa ƙirji. "Ina fuskar mahaifiyata?"

Baba ya matso da fuskarsa dab da allon. "Ai ga ta nan, lafiya lau."

Shiru ya ratsa shagon. A cikin shirun nan Baba ya gane. Ya lalubi kujera ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Auta ba ta nemi izinin kowa ba. Ta zare katin ajiyar hotuna daga kyamara ta tsallaka titi da sassarfa. Mai gyara ya miƙe tsaye da ya gan ta.

"Ba don ni ba," ta ce, ba ta kalle shi ba. "Don tsohuwar."

Ya saka katin a kwamfutarsa, ya sauke ajiyar zuciya. "Allah ya taimake mu. Tun muna darasi na saita ta tana ajiye ɗanyen hoto tare da na gama-gari. Ɗanyen yana riƙe abin da ido ba ya gani. Zauna mu gwada."

Ya ja hasken baya a hankali, kaɗan-kaɗan. Da farko gefen mayafin ya fito, sannan goshi, sannan layukan tsufa a gefen ido. Can sai ga tsohuwa tana dariya, haƙoranta biyu a waje, hannunta a kan kafaɗar jikanta. Gefen bangon dai ya ƙone, babu yadda za a yi da shi, amma fuskoki biyar duk sun dawo.

Auta ta rufe baki da hannu biyu.

Da ta koma da hoton a wanke, malamar tana nan zaune tare da Baba. Ta karɓa, ta rungume shi a ƙirji tana hawaye tana godiya. Da ta ji wanda ya ceto shi sai ta ce, "Allah sarki, yaron kirki. Baba, ka yafe ni, har na kusa fasa zuwa wurinka. Mai situdiyon gilashin nan ne ya tare ni ya ce idonka ya mutu, wai shi ya daɗe da ganewa tun da ya ga hotunanka a hannun mutane. Hankalina bai kwanta ba, na biya na tambayi mai gyaran nan. Ya ce min, Hajiya, duk layin nan babu wanda ya san yadda ake sa mutum ya saki fuska kamar Baba, je ki kawai."

Baba bai ɗago ba. Auta kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da yamma ta tura wa mai gyara saƙo.

"Na zalunce ka. Ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba."

"Da wannan bakin da kika ce min lallashina bai yi aiki ba. Ya wuce, Autar Baba. Ni ma da laifina, na ga malamar za ta je ban yi tunanin an hana ki taɓa kyamarar ba. Ya jikin Baba?"

Washegari da safe, mai gyara yana buɗe shago sai ga Baba a bakin ƙofa, shi kaɗai, da sandar da bai taɓa yarda ya riƙe ba. Mai gyara ya yi sauri ya durƙusa ya gaishe shi.

"Tashi, ɗan nan. Tambaya na zo yi, kuma gaskiya nake so. Me ka gani a kyamarata?"

Ya gaya masa duka, bai rage ba, bai ƙara ba.

Baba ya jinjina kai. "Shekara guda ke nan ina ganin duniya kamar ta bayan labule. Tsoro nake kada likita ya ce shi ke nan. Na zage ka a gidana, kai kuma kana can kana kare min mutunci. Ka yafe min."

"Haba Baba, ai uba ba ya neman gafarar ɗa."

"Yana nema idan ya yi laifi. Rufe shagon nan ka raka ni asibiti, tun kafin zuciyata ta canza."

Likita ya ce yanar ido ce ta kama duka biyun, kuma aiki ne da ake yi kullum. Aka fara da na dama. Ranar da za a cire bandeji, Umma da Auta da mai gyara suna tsaye a gaban gadon. Baba ya ƙifta ido, ya ƙifta, ya kalli Umma ya daɗe.

"Ke, yaushe kika yi furfura haka?"

"Kai ka sa min ita," in ji Umma, tana share ido da bakin mayafi.

Ya juya kan mai gyara, ya dube shi daga sama har ƙasa. "To, kai ne wannan? Auta, ashe haka kunnuwansa suke, kika rasa wanda za ki so sai shi?"

Ɗakin ya kaure da dariya, har ma'aikaciyar jinya. Auta ta ɓuya a bayan Umma.

"Ka turo manyanka," Baba ya ce. "Na ba ka ita, da ido biyu, ko in ce da ɗaya da rabi."

Ɗan Gayu ya zo duba jiki da kwandon lemo. Baba ya karɓa ya yi godiya, ya ce masa, "Na koya maka hoto, ban koya maka riƙe baki ba. Wannan laifina ne. Je ka, na yafe." Tun daga nan gaisuwarsa ta koma daga nesa.

Bayan wata uku, ido na biyu ya warke, aka ɗaura aure. Gidan ya cika da 'yan uwa da mutanen layi, malamar makarantar nan ma ta zo riƙe da hannun tsohuwarta. Da za a tafi da amarya, Baba ya rako su har bakin mota. Ya buɗe baki zai yi magana, murya ta ƙi fita. Ya dafa kan Auta, ya dafa kafaɗar angon, ya juya da sauri ya shige gida.

A mota Auta ta yi ta kuka. Angon ya miƙa mata hankici.

"Amaryata, idan kika ƙarar da hawayen yau, da me za ki yi min rigima gobe?"

Ta kai masa ɗan duka a hannu, tana dariya cikin kuka. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙa mata. Saƙo ne daga Baba, mutumin da bai taɓa tura wa kowa saƙo ba a rayuwarsa.

"Dana. Abin da na kasa fada dazu ke nan. Na gode. Ka rike min ita da kyau ita ma ta rike ka. Allah ya yi muku albarka ya ba ku zaman lafiya da zuriya tagari. Ni na rubuta da kaina babu wanda ya taya ni. Babanku."

Auta ta karanta har ƙarshe, ta ɗora kanta a kafaɗar mijinta.

"Amin, Baba," suka faɗa tare.